Renon Yara a Zafin Bazara: Tarihin Dabarun Birnin Katsina

Bazara a birnin Katsina kashi biyu ce. Daga watan Maris zuwa tsakiyar Afrilu rana ce mai ƙuna da busasshiyar iska. Ma'aunin zafi kan kai digiri 40 ko ya ɗara da tsakar rana, amma gumi na bushewa da zarar ya tsattsafo, kuma gari kan ɗan yi sanyi wajen asuba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni kuwa sai iska ta juya. Wadda take busowa daga hamada ta ja da baya, wadda ta taso daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma ta iso ɗauke da laima, alhali ruwan sama bai zauna ba. Hadari ya haɗu da la'asar ya watse, gari ya yi tsit ba iska, gumi ya jiƙe riga ya ƙi bushewa. Waɗannan makonni na gabanin damina su ne mafi wuya a shekara, domin jikin ɗan Adam da bushewar gumi yake sanyaya kansa, kuma iskar da ta riga ta ƙoshi da laima ba ta ɗaukar gumin.

Ƙananan yara sun fi kowa shan wuyar wannan lokaci. Jikinsu na ɗaukar zafi da sauri fiye da na manya, ruwan jikinsu kaɗan ne, kuma jariri ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa ko ya tashi da kansa ya koma inuwa. Saboda haka yawancin dabarun da Katsinawa suka gada game da gini, ruwan sha da tsarin yini suna da hannu kai tsaye a rayuwar yaro. Tarihin waɗannan dabaru shi ne tarihin yadda birnin ya tashi daga dogaro da ƙasa, inuwa da yawan hannaye, ya koma dogaro da kwano, lantarki da ruwan saye.

Tsohon birni da gininsa

Katsina tana kan tudu ne mai tsawon kusan mita 500 daga doron teku, kusa da iyakar Nijar, kuma daminarta gajera ce, wata huɗu ko ƙasa da haka. Tun daga zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15 birnin ya zama matattarar malamai da fatake, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shiga birnin a 1851, ya ƙiyasta zagayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, amma ya iske mazauna ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, domin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi sun kwashe kasuwanci zuwa Kano. Galibin filin cikin ganuwa gonaki ne da itatuwa. Barth ya kuma lura cewa ƙasar Katsina ta fi wasu sassa daɗin zama ga lafiya, saboda tudu ce da ruwa ba ya kwanciya a kanta. Ke nan yaron Katsina na wancan zamani a birni mai sarari ya tashi, inda iska ke ratsa gonaki kafin ta iso unguwa.

Gidan da yake kwana a ciki na ƙasa ne. Magina kan kwaɓa ƙasa da ciyawa su mulmula tubali, su shanya shi a rana, sannan su jera shi a bango mai kauri daga tushe yana sirancewa zuwa sama. Rufin soro da azara ake yi, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta ci, a shimfiɗa zana a kai, a zuba ƙasa a daddale. Irin wannan bango a hankali yake shan zafi. Ranar da ta doke shi da hantsi ba ta isa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i masu yawa, don haka cikin soro ko zaure kan yi sanyi a daidai lokacin da waje ke ƙuna. Mata kan yi daɓen ƙasan ɗaki da makuba, kuma idan aka yayyafa masa ruwa aka shimfiɗa tabarma, an sami makwancin jariri na tsakar rana. Hasumiyar Gobarau da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 a Rafukka, wanda yanzu gidan tarihi ne, suna nan tsaye suna shaida wannan fasaha.

Ginin ƙasa yana da nasa cikas. Zafin da bango ya haɗiye da rana da dare yake amayar da shi, kuma tagogi ƙanana ne a can sama, an yi su ne don tare ƙurar hunturu da hasken rana. A makonnin laima, ɗakin da ya yi daɗi da azahar ba ya kwantuwa bayan isha'i. Maganin wannan ba a cikin ɗaki yake ba, a tsakar gida yake.

Tsakar gida, inuwa da tsarin yini

Gidan Bahaushe na gargajiya rabinsa fili ne. Bayan zaure da shigifa akwai tsakar gida wadda ba ta da rufi, sai rumfar kara ko ta zana, sau da yawa kuma da itace guda. A bazara iyali kan bi inuwa yadda take juyawa. Da sassafe ake daka, shara, wanki da ɗiban ruwa. Da rana ta take, sai a koma rumfa ko cikin soro a yi ƙailula, kuma a makarantun allo akan sallami yara da hantsi, ba su komawa sai bayan azahar. Malamai sun san hukuncin da ya halatta jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta, kuma rayuwar gari gaba ɗaya kan lafa a waɗannan sa'o'i.

Da magariba sai a share tsakar gida, a yayyafa ruwa don ƙasa ta huce, a fito da tabarmi. Mata da yara a nan suke kwana, samari da magidanta kuma a kan dakali a ƙofar gida ko a saman soro. A wannan shimfiɗa ce kakanni ke yi wa jikoki tatsuniya, hannu ɗaya riƙe da mafici na kaba ana yi wa ƙaramin ciki fifita har barci ya kwashe shi. Kwanan waje na buƙatar sa ido. Kunama na fitowa da zafi, don haka akan kakkaɓe tabarma a duba gindin bango da fitila. Idan kuma hadarin farko ya taso cikin dare, iska ce ke fara zuwa da ƙura, sai uwa ta zabura ta saɓa na goye, ta tashi sauran da magagin barci, a naɗe tabarmi a ruga ɗaki kafin yayyafi ya sauko.

A waje da gida, inuwar itace ce wurin zaman unguwa. Durumi da ceɗiya suna da duhuwar ganye, tsamiya ba ta rabuwa da inuwa, gawo kuma a rani yake fitar da ganye, lokacin da wasu itatuwa suka kaɗe. Giginya dai ba a dogara da ita, shi ya sa ake cewa inuwar giginya na nesa ka sha. Itacen da ya fi yawa a titunan Katsina a yau, wato darbejiya ko bedi, baƙo ne daga Indiya. Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da shi Arewa a ƙarshen shekarun 1920, aka fara da Borno, daga baya hukumomin En'e suka baza shi a gefen hanyoyi, kasuwanni da makarantu, saboda yana jure fari kuma yana yin sabon ganye a tsakiyar bazara.

Wani ginshiƙin shi ne yawan hannaye. A gidan gandu akwai kishiyoyi, kaka, gwaggo da 'yan mata masu raino. Idan uwa tana gaban murhu, akwai mai karɓar jariri ta kai shi inuwa. Yaran da suka tasa kuwa akan yi musu aski ƙwal, a bar su da bante ko ɗan wando. Su ne kuma ke sulalewa zuwa kududdufin da aka haƙi ƙasar gini idan akwai sauran ruwa a ciki, abin da iyaye ke hanawa saboda nutsewa da cutar tsargiya.

Ruwa da abin sha

Tsohon birni da rijiya ya rayu. Gidaje da yawa suna da tasu, wasu na unguwa ne, kuma a bazara ruwa kan yi ƙasa har sai an ƙara wa guga igiya ko an kira masu yasa. Abin da aka ɗebo a tulu a randa ake zuba shi. Randa tukunya ce da ba a shafe ƙofofin jikinta ba, ruwa na tsattsafowa ta bango yana bushewa, bushewar kuma na janye zafi daga abin da ke ciki. Akan girke ta a inuwa, a kan yashi mai danshi, a rufe da faifai, a ɗora moɗa a kai. Masu hali kan ajiye wata a ƙofar gida sadaka don masu wucewa da almajirai. Matafiya kuma da salka ko gora suke riƙe nasu ruwan. Amma randa ma laima na rage mata ƙarfi, domin idan iska ba ta busar da jikinta ba, ruwan ba ya yin sanyin da yake yi a Maris. Wannan tsohuwar hikima ce malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sabunta da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000.

Abincin rana a bazara ruwa-ruwa ne. Fura da nono ita ce kan gaba, ana dama ta da ruwan randa, ta ba da ƙoshi ta kashe ƙishirwa. Akwai farau-farau, kunun tsamiya, kunun zaƙi, jiƙon tsamiya da zoɓo. Yaron da aka yaye akan ba shi koko ko kunu a ludayi sau da yawa a yini, domin zafi na kashe sha'awar tuwo. Hatsarin da ke ciki shi ne saurin lalacewa. Kunun safe kan yi tsami kafin la'asar, ƙuda na yawaita da shigowar mangwaro, kuma moɗa guda ce kowa ke tsomawa a randa. Daga nan gudawa ke samun ƙofa.

Da garwar kananzir ta shigo a zamanin Turawa, sai sana'ar 'yan garuwa ta kafu: mutum ya rataya garwa biyu a sanda yana bin lungu. Ruwan famfo ya faɗaɗa bayan gina madatsar Ajiwa a shekarun 1970, sai dai birnin ya yi saurin girma fiye da bututun. A yau rijiyar burtsatse, kurar jarkoki da ruwan leda, wanda ya bazu tun shekarun 1990, su ne madogarar unguwanni da yawa, kuma farashin jarka kan hau a daidai watannin da yara suka fi bukatar wanka da sha.

Jariri da mai jego

A tunanin gargajiya, sanyi ne babban abokin gabar mai jego da jaririnta, ba zafi ba. Saboda haka ko haihuwa ta faɗo a tsakiyar bazara, akan yi wankan jego da tafasasshen ruwa ana fyaɗa ganyen tsamiya ko na darbejiya safe da yamma har kwana arba'in, a sha kunun kanwa, a wasu gidajen ma a hura wuta a ɗaki. Jaririn ma akan gasa masa jiki da ruwan ɗumi, a naɗe shi da zane. Binciken da likitoci suka yi a asibitin koyarwa na Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan kanwa da wannan dumama jiki da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, kuma an lura cewa cutar ta fi yawa a watannin zafi da laima. Tun daga nan ma'aikatan lafiya suke kira da a sassauta, kuma a birni mata da yawa sun rage zafin ruwan da yawan kanwar. Abin da ya maye gurbin zanen gargajiya shi ne kayan sanyi na kanti: hular ulu, safa da bargo, waɗanda akan jibga wa jariri ranar suna ko ranar zuwa awo ko da ana zufa.

Goyo ma na da nasa hukunci a bazara. Bayan uwa da cikin yaro suna haɗuwa, gumi ya taru a tsakani, ƙurajen zafi su feso a wuya, ƙirji da matsematsi. Iyaye mata sun daɗe da sanin maganin: a sauke yaro a tabarma idan ba tafiya za a yi ba, a yi masa wanka sau biyu ko uku, a bar jikin ya sha iska, a rage shafa mai. Hoda ta kanti ta zo daga baya ta zama abokiyar kowace uwa.

Inda al'ada da likitanci suka fi karo shi ne batun ruwa. An saba ɗura wa jariri ruwa tun kwanakin farko, bisa hujjar cewa duk mai rai na jin ƙishirwa, kuma hana shi ruwa a wannan rana rashin tausayi ne. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar shayar da nono zalla har wata shida, domin kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ruwan waje kuma na iya shigo da ƙwayar cuta ya cika cikin yaro ya rage tsotso. Abin da ake so a zafi shi ne uwa ta yawaita sha, ta yawaita ba da mama. A gidaje da yawa wannan magana ba ta zama sai an shawo kan kaka, domin ita ce mai faɗa a ji a kan jariri.

Cututtukan bazara

Katsina na cikin yankin da masana ke kira zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zayyana iyakokinsa a 1963. Cutar na tashi da rani, ta yi ƙamari a Maris da Afrilu lokacin da ƙura da bushewa suka raunata hanci da maƙogwaro, ta lafa da saukar ruwa. An rubuta ɓarkewarta a Arewacin Nijeriya tun 1905. Mafi muni a tarihin baya-bayan nan ita ce ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 ta kashe fiye da 11,000 a ƙasar, Katsina na cikin jihohin da abin ya shafa. Allurar rigakafin nau'in A na ƙwayar cutar ta iso Nijeriya a 2011 ta karya lagon wannan nau'i, sai nau'in C ya ɓarke a 2017 a Zamfara, Sakkwato, Katsina da maƙwabtansu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar. Gargaɗin da ake yi kowace shekara a rediyo, cewa a guji cunkoso a ɗaki a buɗe tagogi, ya zo daidai da tsohuwar al'adar kwanan tsakar gida.

Ƙyanda, wadda ake sakaya sunanta da baƙon dauro, ita ma a ƙarshen rani take yawaita. Da can akan killace yaro a ɗaki, a hana shi wanka, a yi ta jiƙe-jiƙe, abin da ke ƙara masa galabaita a cikin zafi. Shirin rigakafin yara na ƙasa da aka soma a ƙarshen shekarun 1970, da tsarin kiwon lafiya matakin farko da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ƙarfafa lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, sun sauya wannan hoto. A wannan zamani ne kuma ruwan gishiri da sukari ya shiga gidaje. Kafin nan, idan maɗigar jariri ta faɗa akan ɗauka wata cuta ce ta daban a shafa mata magani. Yanzu an san alama ce ta ƙarewar ruwan jiki, tare da zurmawar ido, bushewar baki, kuka ba hawaye da ƙarancin fitsari.

Kwano, siminti da lantarki

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, aka fara ganin sababbin gine-ginen hukuma, hanyoyin mota da kayan kanti. Duk da haka gidajen talakawa sun ci gaba da zama na ƙasa har bayan samun 'yancin kai a 1960. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka sauya fuskar unguwanni. Rufin kwano ya raba mai gida da wahalar yaɓe duk shekara da fargabar rushewar soro a watan Agusta, bulon siminti kuma ya zama alamar ci gaba. Ribar a fili take, amma an biya ta da zafi. Kwano na ɗaukar rana nan take ya sauke ta a kan na ciki, musamman inda ba silin, bulo kuma ba shi da kaurin da zai jinkirta ta. Ɗakin kwano da azahar a watan Mayu tamkar tanda yake, kuma a nan ne jarirai da yawa ke barcin rana.

Da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, birnin ya zama hedikwata, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo. Gonakin cikin ganuwa suka zama filoti, gari ya tsallake ƙofofi zuwa Sabuwar Unguwa, shimfiɗar Ƙofar Ƙaura, Dutsen Safe da Barhim. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da 300,000 a ƙaramar hukumar Katsina, kuma a shekarun baya-bayan nan rashin tsaro a ƙauyukan yammacin jihar ya ƙaro wasu dubbai. Gidan gado da aka raba tsakanin magada kan rasa tsakar gidansa, domin kowa na gina ɗaki a kasonsa. Gidan haya na ciki da falo ba shi da itace ba shi da rumfa. Inda fili ya rage an malale shi da siminti, wanda ke riƙe zafi har tsakar dare, kwalta ma haka. Tsoron ɓarayi ya rage kwanan ƙofar gida, kuma matar da ke zaune daga ita sai mijinta ba ta da mai karɓar mata yaro.

Abin da aka sa ran zai cike wannan giɓi shi ne lantarki. Fanka, firji da na'urar sanyaya ɗaki sun shigo a zamanin hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, kuma tun 2013 rarraba wuta a Katsina, Kano da Jigawa na hannun kamfanin KEDCO. Sai dai bukatar wuta ta fi yawa a bazara, lokacin da ruwa ke raguwa a madatsun da ke samar da wani kaso nata. Masu hali sun koma ga janareta, amma cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa kunna shi dare guda ya gagari mutane da yawa. Daga nan sola da fankar caji suka samu kasuwa, sana'ar sayar da ƙanƙara kuma ta bunƙasa, musamman da azumi ya faɗo cikin bazara daga 2020 zuwa 2024, kamar yadda ya yi a ƙarshen shekarun 1980. Makarantar boko ta kawo nata sauyin: ana tashi ne wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu, don haka yara 'yan firamare ke tafiya gida a sa'ar da kakanninsu ke ƙailula.

Halin da ake ciki

Zafin kansa ƙaruwa yake yi. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024 yankin Sahel ya fuskanci tsananin zafi cikin azumi, har ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masana yanayi suka danganta tsananinsa da ɗumamar duniya. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan fitar da gargaɗin zafi ga jihohin Arewa a irin waɗannan ranaku. Ga yara, dare mai zafi ma yana da illa, domin jiki ba ya samun hutun da zai farfaɗo.

Abin da iyaye ke yi a Katsina a yau gauraye ne na tsoho da sabo. Randa ta dawo gidajen da firjinsu ya zama kabad, mafici na nan kusa da fankar caji, kuma inda akwai fili har yanzu ana yayyafa ruwa a fito da tabarma, sai dai yanzu akan ɗaura gidan sauro a kai. Shawarwarin asibiti ma ba su yi nisa da na kakanni ba: a ajiye yaro a inuwa daga hantsi zuwa la'asar, a sa masa tufa mara nauyi ta auduga, a yi masa wanka ko a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a ba wanda ya wuce wata shida ruwa mai tsabta tun bai nema ba, kada a bar shi a cikin mota a rufe ko na ɗan lokaci. Idan gudawa ta kama shi a fara da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc. Idan kuwa jiki ya yi zafi rau, yaro ya ƙi mama, ya yi laushi, ya sanƙare wuya ko ya fara jijjiga, asibiti za a nufa ba tare da jira ba, ko cibiyar lafiya ta unguwa, ko Babban Asibitin Katsina, ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa.

A ɓangaren gini, gyaran da ya fi sauƙi shi ne silin a ƙarƙashin kwano, tagogi masu fuskantar juna, rumfa a bangon yamma, da barin wani sashe na tsakar gida da ƙasarsa da itacensa. Shirye-shiryen dashen itatuwa, tun daga na ƙarshen shekarun 1980 da ƙasashen Turai suka tallafa zuwa shirin katangar itatuwa na Afirka wanda Katsina ke cikin jihohinsa, sun fi mai da hankali ga karkara, amma unguwannin birni ma na bukatar irin wannan inuwa.

Wahalar kan yanke ne da zaman damina, galibi cikin watan Yuni. Idan ruwa ya yi jinkiri akan fita sallar roƙon ruwa har da yara. Da saukarsa zafi ke karyewa, sanƙarau da ƙyanda su ja baya, iyali su koma ɗaki. Daga nan hankalin iyaye ke komawa kan sauro, kuma tun 2013, lokacin da aka fara gwaji a Jihar Katsina, ma'aikata ke bi gida-gida a watannin damina suna ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro.